Ƙa'idar Fitagoras da Waɗanda Suka Riga Shi

Duk wanda ya taɓa jingina tsani ga bango ya shata alwatika, ko ya sani ko bai sani ba. Bango yana tsaye, ƙasa tana kwance, tsani kuwa ya gitta daga ƙasa zuwa bango. Inda bango ya sadu da ƙasa, in dai magini ya iya aikinsa, kusurwar ba ta buɗe da yawa ba, ba ta kuma tsuke ba, daidai ta ke da kusurwar takardar littafin nan da ke hannunka. Ita za mu riƙa kira daidaitacciyar kusurwa. Gefuna ukun nan kuwa mu kira su na kwance, da na tsaye, da na jingine.

To, akwai wata ƙa'ida tsakanin gefunan nan wadda ba ta saɓawa. A ce daga gindin bango zuwa gindin tsani kamu 3 ne, daga ƙasa kuma zuwa inda kan tsani ya taɓa bango kamu 4. Ka ce 3 sau 3, 9 ke nan. Ka ce 4 sau 4, 16. Gama su, ka sami 25. Wace lamba ce in an yi ta sau kanta za ta ba da 25? Biyar ce. Tsawon tsanin nan kamu 5 ne, ba sai ka hau ka auna ba. Mutanen da kuwa da fili su ke faɗinta. Su kan ce, in ka shata murabba'i, watau fili mai gefe huɗu daidai wa daida, a jikin ko wane gefe na alwatikar, to, filin da ke jikin na jingine daidai ya ke da sauran biyun a haɗe.

A makarantu ana kiranta ƙa'idar Fitagoras, da sunan wani malami Bayunane. Amma an yi fiye da shekara dubu ana aiki da ita kafin a haife shi.

A ƙasar Iraƙi ta yanzu, tsakanin kogin Dijla da na Furatu, nan aka yi daular Babila. Mutanenta ba a takarda su ke rubutu ba, a kan ɗanyen yumɓu su ke yi da tsinken kara, in ya bushe ya zama kamar tubali. Shi ya sa rubutunsu ya tsira daga gara da gobara. An haƙo allunan nan dubbai, cikinsu har da na 'yan makaranta. Wani daga ciki yana ɗauke da wannan tambaya: an tsai da azara mai tsawon 30 a jikin bango, sai kanta ya zame ƙasa da 6, to, nawa gindinta ya matsa daga bangon? Mai allo ya cire 6 daga 30, saura 24. Ya yi 30 sau 30, 900. Ya yi 24 sau 24, 576. Ya ɗebe wannan daga wancan, saura 324, watau 18 sau 18. Amsa 18. Ka ga ƙa'idar nan ce sak, kuma an rubuta allon nan tun kimanin shekara 1,700 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wani allon da ya fi wannan suna yana jami'ar Kolambiya a birnin New York na Amurka, ana kiransa Plimpton 322, da sunan mutumin da ya saye shi wajen 1922. Bai fi tafin hannu da yawa ba, layi 15 ne na lambobi a jikinsa. Sai a 1945 wasu malamai biyu, Neugebauer da Sachs, suka bayyana cewa lambobin gefunan alwatika ne masu bin ƙa'idar. Layin farko ya ba da 119 da 169, abokin tafiyarsu kuwa 120. Layi na huɗu ya ba da 12,709 da 18,541, waɗanda ke tafiya da 13,500. Mai haƙuri ya ɗauki alƙalami ya gwada, zai tarar ba kure. Ba a tuntuɓe da irin waɗannan lambobi a kan hanya. Lalle wanda ya rubuta su yana da dabarar fitar da su.

Me ya kai su ga wannan wahala? Gona ce. A 1894 aka haƙo wani allo a kufan garin Sippar, yana gidan ajiyar kayan tarihi na Istambul. A 2021 wani malamin lissafi na Ostareliya, Daniel Mansfield, ya nuna taswirar gona ce da aka yanki wani sashi nata aka sayar, mai awon kuwa ya yi aiki da lambobi irin su 5 da 12 da 13, da kuma 8 da 15 da 17, don iyaka ta fita sambal. Wanda ya taɓa ganin maƙwabta gaban alƙali a kan taki biyu na gona ya san abin da ya sa a ke son kusurwar da ba mai gardama a kanta.

Ba mutanen Babila kaɗai ba. A Indiya akwai littattafan da a ke kira Sulba, ma'anar kalmar kuwa igiya, waɗanda aka rubuta don masu gina wuraren hadaya, domin addininsu ya ƙayyade siffar wurin da girmansa. Mafi tsufa a cikinsu, na Baudhayana, wanda a ke kintata zamaninsa tsakanin shekara 800 da 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya faɗi ƙa'idar a fili, ya kuma jera lambobin da suka dace da ita. A ƙasar Sin kuma tana cikin wani tsohon littafin taurari da kalanda na zamanin daular Han. Har yau magina a ƙasashe da yawa, har da namu, in za su fitar da kusurwar harsashi su kan buga turaku, su ja igiya, su auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, su yi ta gyara har tsakanin ya zama 5.

To, in haka ne, me ya rage wa Yunanawa? Abin da ya rage shi ne tambayar da ba mu gani a allunan Babila ba: don me? Allon Babila ya kan ce maka yi kaza, yi kaza, ga amsa. In ka gwada alwatika ɗari suka yi daidai, me ya tabbatar maka ta ɗari da ɗaya ba za ta saɓa ba? Igiya ta kan miƙe, ido ya kan yi kure, alwatika kuwa ba su ƙirguwa. Hujja ita ce maganar da za ta rufe bakin gardama a kan dukkansu gaba ɗaya, waɗanda aka shata da waɗanda ba a shata ba tukuna.

Shi Fitagoras an haife shi a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa. Da ya kai kimanin shekara arba'in ya yi ƙaura zuwa Kurotona, a kudancin Italiya, ya tara almajirai, suka zama kamar 'yan ɗariƙa, da dokokinsu na ci da sha da riƙon asiri. Aƙidarsu ita ce, kome na duniya bisa lamba aka gina shi. Bai bar littafi ko ɗaya ba, marubutan da suka jingina masa ƙa'idar nan kuwa sun zo ne bayansa da shekaru ɗaruruwa. Su ne suka ce ranar da ya gano ta ya yanka sa don murna. Tun a zamanin Rumawa wani babban malaminsu, Sisero, ya ce shi bai yarda da labarin san nan ba, domin an san Fitagoras da ƙin zub da jinin dabba. Sunan dai ya riga ya bi shi, ba mai raba su yanzu.

Bari mu kawo hujja guda wadda ko wane mai karatu zai iya yi da hannunsa, don a san abin da a ke nufi da kalmar. Sami takarda mai kauri, ka yanka alwatika huɗu masu daidaitacciyar kusurwa, dukansu girma ɗaya, ko wane irin girma ka ga dama. Sa'an nan ka shata murabba'i a ƙasa, tsawon ko wane gefensa ya zama na kwance da na tsaye a haɗe. Wannan shi ne dandalinka.

Shiri na farko, ka ajiye alwatika ɗaya a ko wace kusurwa ta dandali, daidaitacciyar kusurwarta ta shige cikin ta dandalin, ka riƙa juya su yadda a ko wane gefe gajeren gefen wata zai sadu da dogon gefen 'yar'uwarta. Dubi tsakiya. Za ka ga fili a karkace wanda takarda ba ta rufe ba, ko wane gefensa kuwa gefen jingine ne na wata alwatika. Kada ka yi saurin cewa murabba'i ne don ya yi kama da shi, sai ka bincika kusurwoyinsa. In ka haɗa alwatika biyu ta gefensu na jingine za su ba ka siffar ƙofa, ka ga ke nan tsukakkun kusurwoyi biyu na alwatika ɗaya, in an gama su, daidaitacciyar kusurwa guda ce. A gefen dandali kuwa, inda bakin filin tsakiya ya taɓa, miƙaƙƙen layi ne, watau daidaitattun kusurwoyi biyu. Tsukakkun nan biyu sun cinye ɗaya, saura ɗaya ga filin tsakiya. Ya tabbata murabba'in na jingine ne.

Shiri na biyu, kwashe takardun, ka haɗa su bibbiyu su zama siffar ƙofa guda biyu. Sa ɗaya a kwance a kusurwar dandali ta sama ta dama, ɗaya a tsaye a ta ƙasa ta hagu, bakinsu zai taɓa juna a ciki. Yanzu filin da ba a rufe ba ya kasu biyu, murabba'i ƙarami da babba, ɗaya na gefen kwance, ɗaya na gefen tsaye.

To, dandali bai ƙaru ba bai ragu ba. Takardun nan huɗu su ne dai, ba a ƙara ba a rage ba. Abin da suka bari a buɗe da farko tilas ya zama daidai da abin da suka bari daga baya. Iyakar hujjar ke nan. In da 3 da 4 ka yanka, dandali 49 ne, takardu sun rufe 24, saura 25, a shiri na biyu kuwa 9 da 16. Amma lura, ba inda maganar ta dogara ga 3 ko 4. Ko alwatikar ta yi siririya kamar tsinin mashi, ko ta kai faɗin gonar sarki, dalilin bai sake ba.

Hujja mafi tsufa da ta iso mana a rubuce, cikakkiya daga tushe, ta Uklidis ce, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafinsa kashi 13 ne. Ya fara da 'yan maganganu kaɗan da ya nemi a yarda masa da su, irin waɗanda ba mai hankalin da zai musa, kamar cewa in an ɗebe abu daidai daga abubuwa biyu da ke daidai, ragowarsu daidai ce, wadda mu ma da ita muka yi aiki ɗazu. Daga nan ba ya sāke faɗin kome sai ya kafa shi a kan abin da ya gabata, tubali bisa tubali. Ƙa'idar tamu ita ce mas'ala ta 47 a kashi na farko. Hanyarsa dabam ce da tamu: ya ja layi daga daidaitacciyar kusurwa ya tsaga babban murabba'i biyu, ya nuna ko wane tsagi daidai ya ke da ɗaya daga cikin ƙananan. Sa'an nan ya ƙara ta 48, wadda a ganina ita ce ta magina: in gefuna uku sun bi lissafin nan, to, kusurwar lalle daidaitacciya ce. Mai jan igiya 3 da 4 da 5, da wannan ya ke aiki.

Ƙa'idar nan kuwa ita ta jawo wa almajiran Fitagoras tashin hankali. Ɗauki murabba'i mai gefe 5, ka ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Bisa ƙa'ida, layin nan sau kansa 50 ne. Bakwai sau bakwai 49, saura ɗaya. Gwada mai gefe 12, ana neman 288, 17 sau 17 kuwa 289, ya wuce da ɗaya. Gwada 29, ana neman 1,682, 41 ya ba da 1,681. Kullum kamar za a kama, kullum sai ta kuɓuce. Mutanen Babila sun bi sawun lambar nan ƙwarai. Akwai wani ɗan allonsu a jami'ar Yale wanda ya ba da ita kusa da kusa, har in gefen murabba'in mil guda ne, kuskuren ba zai kai ƙwayar gero ba. Yunanawa kuwa suka kafa hujja cewa ba za a taɓa kamawa ba har abada, domin in an ce akwai ma'auni ɗaya da zai auna gefen da layin ba ragowa, sai lissafi ya tilasta lamba guda ta zama cika kuma ta zama mara a lokaci ɗaya, watau ta rabu biyu daidai kuma ta ƙi rabuwa. Ba igiyar da za ta nuna wa mutum wannan, kome kyaunta. Mutanen da suka ce kome lamba ne sai ga tsawo a gabansu, a cikin siffa mafi sauƙi, wanda lambobinsu suka kāsa faɗi. Ana ba da labari wai wanda ya tona asirin, Hifasus, a teku ya halaka.

Da ƙarfin Iskandariya ya dushe, littafin Uklidis ya sami masauki a Bagadaza. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya juya shi zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya kuma sāke gyara shi a zamanin Ma'amun. Bayansa Ishaƙa ɗan Hunainu ya yi wata fassarar, Sabitu ɗan Ƙurra mutumin Harran, wanda ya rasu a 901, ya tace ta. Shi Sabitu bai tsaya ga kwafa ba, ya kawo tasa hujjar ta yanka da jerawa, ya kuma faɗaɗa ƙa'idar ta shafi ko wace irin alwatika. Larabawa su kan kira zanen mas'ala ta 47 shakalul arus, watau siffar amarya.

Labarin da ya fi daɗi daga wannan zamani na Abul Wafa ne, mutumin Buzjan a Hurasan, wanda aka haifa a 940, ya zauna a Bagadaza. Ya rubuta littafi musamman a kan abin da masu sana'a ke bukata na ilimin awo. A ciki ya ba da labarin wani zama da aka yi tsakanin malaman lissafi da masu aikin hannu, irin masu yanka katako da fale-falen ado na gine-gine. Aka kawo tambaya: ga murabba'i uku girma ɗaya, yaya za a mai da su murabba'i guda babba? Malamin lissafi ya ja layukansa, ya fitar da tsawon gefen da a ke nema, bisa ƙa'idar nan. Masu sana'a ba su gamsu ba, domin su ba layi su ke nema ba, so su ke a nuna musu inda za su sa zarto. Su kuma suka kawo nasu hanyoyin na yanka da jerawa, waɗanda in ka duba sai ka rantse daidai ne. Abul Wafa ya nuna akwai kure a ciki, ƙanƙane, wanda ido ba ya kamawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to, a nan ƙimar ce ta yaudare su. Sa'an nan ya ba su hanyar da ta gamsar da kowa: a tsaga biyu daga cikin murabba'an daga kusurwa zuwa kusurwa, a jera tsagin nan huɗu kewaye da na ukun, a ja layi tsakanin kusurwoyinsu na waje, 'yan guntayen da suka yi waje a yanke su, za su cike guraben da suka rage ba ragi ba ƙari. Ya kuma kafa hujjar hakan. Ni dai ban ga laifin masu zarto ba da suka ƙi karɓar amsar da ba ta yankuwa.

Daga Larabci littafin ya shiga Turai. Wani Bature ɗan Ingila, Adelard na garin Bath, ya juya shi zuwa Latin wajen 1120, aka fara buga shi da inji a Banis ta Italiya a 1482. An ba da labarin wani malamin Ingila, Thomas Hobbes, wanda ya kai shekara 40 bai taɓa duba ilimin awo ba. Ran nan ya tarar da littafin Uklidis a buɗe a ɗakin karatun wani, daidai kan mas'ala ta 47. Ya karanta, ya rantse ba ta yiwuwa. Sai ya bi hujjar, ta tura shi ga wata mas'ala a baya, waccan ta tura shi ga wata, har ya kai tushe, ya ga ba mafita sai yarda. Ba wanda ya tilasta shi, mai littafin kuwa ya yi kusan shekara dubu biyu a kabari.

Tun daga nan mutane ba su daina neman sababbin hanyoyi ba, ko da ya ke hujja ɗaya ta isa. James Garfield ya buga tasa a 1876, yana ɗan majalisa, kafin ya zama shugaban Amurka a 1881. Wani malamin makaranta, Elisha Loomis, ya tara kimanin 370 a littafi guda, bugun 1940. A 2023 ma wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar sakandare a birnin New Orleans suka gabatar da tasu a taron malaman lissafi, aka buga aikinsu a 2024.

Akwai wani amfani na hujja da ba a gane sosai ba sai a ƙarni na 19. Tun da ta jera duk abin da ƙa'ida ta dogara a kai, ita ce kuma ke nuna inda ƙa'idar ta tsaya. Ka tuna a tsakiyar hujjarmu mun ce alwatika biyu su kan haɗu su ba da siffar ƙofa. Wannan gaskiya ne a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Kife ƙwarya, ka ja layi biyu daga tsakiyar gindinta zuwa baki, su rabu da daidaitacciyar kusurwa, bakin ƙwarya ya zama gefe na uku. In ƙwaryar rabin dunƙule ce sosai, za ka sami alwatika mai daidaitattun kusurwoyi har uku, gefunanta duka tsawo ɗaya, ƙa'idar Fitagoras kuwa ba ta aiki a kanta. Lobachevsky a Rasha a 1829, da Bolyai a Hangare a 1832, suka nuna za a iya gina wani ilimin awo dabam, cikakke, in an sāke ɗaya daga cikin maganganun da Uklidis ya nemi a yarda masa da su tun farko. Duniyar da mu ke kai kuwa dunƙulalliya ce. Ga mai fitar da harsashin ɗaki ko mai awon gona bambancin bai kai a kula ba, igiyarsa ta ishe shi. Amma mai lissafin hanyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda, tilas ya yi aiki da lissafin alwatikar bayan ƙwarya.